Dokar Ƙarfe Tara

Ranar da aka ba da dogon hutu na kafa doka:
ƙarfe tara, kowa ya shige gidan sauro.
Na faɗe ta da muryar da nake shiga aji huɗu,
yara saba'in da uku, in na ɗaga alli sai tsit.
Nawa uku ne kacal,
sai Ramlatu 'yar ƙanwata da ta zo hutu daga Gusau.
Suka ce, "To, Umma."
Wannan "to" ɗin ko kwana biyu bai yi ba.

Sagir ne lauyansu:
"Gobe ba makaranta, in mun tashi me za mu yi?"
Na ce, Islamiyya fa?
"Malam ya ce sai goma."
Walida ta ce ƙishirwa. Ta sha.
Ta ce fitsari. Ta je.
Ta dawo a guje, wai wani abu mai ido na bayan randa.
Kwaɗo ne, damina ta koro shi daga kwata.

Na samu sun lafa da ƙyar,
sai ga wuta, sha ɗaya saura kwata.
Ɗorayi kaf ta ɗau ihu, "Sun kawo!"
Fanka ta juya, firji ya yi gyaran murya,
ni kaina na zabura ina laluben caja,
na jona dutsen guga, na kunna injin markaɗe.
Da wane baki zan ce yaro ya runtsa
alhali uwarsa na gudu tsakar gida kamar an yi gobara?

Babban mai karya dokar ma ba yaro ba ne.
Abbansu ne, in ya taso daga Kantin Kwari,
ya tsaya hira, ya shigo da ƙunshin balangu.
Ƙamshin yaji ya fi ƙararrawa tashin mai barci.
Har Muhsin, auta, da nake rantsuwa ya yi nisa,
sai ga shi a bakin ƙofa, ido ɗaya a buɗe, hannu a miƙe.

Daren wata Laraba aka tsuge da ruwa,
kwanon rufi na ta amsa kuwwa, wuta ta ɗauke.
Na ji ƙus-ƙus a ɗakinsu.
Na ɗau silifa ɗaya, na taka a hankali.
Su huɗu sun cure a katifa guda,
Ramlatu na ba su labarin wata akuya
da ta je kasuwa sayen barci,
aka ce mudu ya yi tsada, sai dai ta sayi gwangwani.
Na tsaya jikin labule, silifa a hannu,
ina son jin ko akuyar ta samu ragi.
Na tuna Yakasai, soron kakata,
da mu ma sai an biyo mu da tsumagiya muke barin farin wata.
Ban shiga ba.
Kafin akuya ta dawo gida muryar ta shige ciki,
ruwa ya ƙarasa musu labarin.

Washegari na yi wa doka gyara.
Goma, ban da daren Juma'a.
Waya kuwa a ƙarƙashin filona take kwana,
tawa da ta ubansu, kar a ce na yi son kai.
Balangu a ajiye shi sai safe, ko a zo da shi da wuri.
Saura sati biyu a koma,
zan riƙa jan lokacin baya kaɗan-kaɗan,
kamar mai rage wa siket tsawo ba tare da mai shi ta sani ba.

Yau da asuba na tashe su salla.
Muhsin ya yi sujada ta farko
bai ɗago ba.
Na sallame, na dube shi,
goshi a darduma, yana jan munshari siriri.
Na rufa masa gefen mayafina.